Tantin da Ya Kalli Ruwa

Turai ba ta taɓa kiran sunan ɗanta ba. Abdulgaffar shi ne ɗanta na fari, shi ne kuma auta, don haka tun yana zanin goyo take yi masa kunya irin wadda ta ga uwarta tana yi wa yayanta can ƙasar Katsina. Idan magana ta kama dole sai ta ce "wancan", ko ta aiki matarsa Zakiya. Shi kuwa da ya tashi a Jidda cikin 'ya'yan Larabawa masu sumbatar kan iyayensu mata a bainar jama'a, ya daɗe da haƙura. Gaisuwar safe kaɗai ke haɗa su, ita ma daga bakin ƙofa. Ya ce, "Inna, an tashi lafiya?" ita kuma ta amsa wa bango. Son da take yi masa kuwa Allah kaɗai ya san iyakarsa, sai ko kwanon da take ɓoye masa ƙanzon tuwo a ciki har yau da furfura ta fara leƙo masa a gemu.

Wannan kunyar ce ta ja mata wahalar da ta sha a shekarar da aka yi ta kamen marasa takarda a unguwarsu ta Hindawiyya.

Ita dai Turai ba ta da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar, ba ta ma taɓa riƙe ta a hannu ba. Da ƙafa ta baro gida tare da mijinta Na'ibi, suka yi shekaru a hanya suna noma da wanki a garuruwan Sudan. Shi bai ƙaraso ba. Ita kaɗai aka sauke daga jirgin katako a wani bakin gaɓa da babu kowa, da tsohon ciki. Ta haihu a Jidda, ta sauke farali, ta kafa kaskon suyar gyaɗa a bakin titi, da shi ta raini ɗanta har ya zama direba a wani kamfanin gine-gine, da takardarsa da kafilinsa, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa. Ba ta da sauran buri a duniya sai guda ɗaya: ajali ya same ta a nan, a kai ta Makka a binne. Wanda ya tako wannan hanyar da ƙafarsa ba ya son a mayar da shi ya mutu a inda ya fito.

To, sai aka kama A'i, ƙawarta da suke zama kafaɗa da kafaɗa a bakin titi, aka sa ta a jirgin ruwa ko sallama ba su yi ba. Washegari Zakiya ta zo da saƙo, wai maigidan ya ce Inna ta daina fita da kasko. Turai ta daina. Bayan 'yan kwanaki kuma, ranar wata Laraba da yamma, ta leƙo ta taga ta ga ɗanta yana sauke kaya daga bayan jif: naɗaɗɗen tanti, turaku, igiya, jarkokin ruwa, fitilar ƙwai, risho. Ta san waɗannan kayan sarai, ai da irinsu ta kwana a hanya tun tana amarya.

Zakiya ta shigo tana fara'a. Haihuwar Jidda ce, Hausarta rabi da rabi.

"Inna, bukra, gobe ke nan, za mu je bahar, Abhur. Mu kwana a khema, a tanti, mu canza hawa shwayya, mu sha iska. Ya ce lazim ki zo, kin daɗe a ɗaki."

"A bakin ruwa za a kwana?"

"Aiwa, a bakin ruwa."

"Daga nan fa?"

"Daga nan halas, mu dawo."

Turai ta gyaɗa kai kawai. Ta ji maganar sarai, amma yarda da ita ce ta gagara. Wa ya taɓa barin gida mai rufi da fanka da famfo ya tafi ya kwanta a ƙasa don shan iska? Wannan irin maganar da ake yi wa tsoho ce don kada ya tayar da hankali, kamar yadda ake ce wa yaro allura ba zafi. Ta haɗa ɗaya da ɗaya: an kama A'i, an hana ta fita, yanzu ga tanti ga bakin ruwa. Wato wancan ya ga zamanta zai ja masa asarar aikinsa, ya shirya da masu jirgi su tsallakar da ita cikin mutunci kafin a zo a ja ta a gaban jikokinta. Ba ta ga laifinsa ba. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne ba ta da bakin da za ta tambaye shi.

Da asuba ta ɗaure ƙullinta: zane biyu, carbi, da likkafaninta da ta wanke da zamzam ta ajiye tun tuni. Sannan ta bi maƙwabta gida gida tana neman gafara, kamar yadda mai doguwar tafiya ke yi. Mastura, Bahaushiyar Sudan da ke jikin katangarsu, ta fito da hannu duk ƙullu, sai ga Turai tana miƙa mata kaskon suya da matankaɗin yashi.

"Ki riƙe, ya Mastura. Ki yafe mini abin da na yi miki, wanda na sani da wanda ban sani ba."

"Hajiya, lafiya? Ina za ki?"

"Inda Allah ya ce."

Mastura ta fashe da kuka, Turai ta juya da sauri don kada nata ya zubo. Da ta dawo ƙofar gida ta tarar da jikokinta suna tsalle a kan jarkoki, suna yi mata ihun "Yalla, ya Sitti, yalla!" wato kaka ta yi sauri. Ta ce a ranta, yaro man kaza, bai san me ake ciki ba.

Suka kama hanyar Madina, suka bar gari a baya. Turai tana kujerar baya da ƙulli a cinya, tana kallon ƙeyar ɗanta, abin da ba ta iya yi sai ya ba ta baya. Wata mota na biye da su, ta abokinsa Hamad, da babura biyu a ɗaure a bayanta. Ana cikin tafiya lafiya lau a kan kwalta, sai Abdulgaffar ya karya kan jif ya faɗa cikin rairayi, inda ba hanya ba alamar hanya. Mota ta shiga tsalle, ta hau tudu ta gangaro, ƙura ta turnuƙe. Turai ta riƙe ƙarfen kujera tana salati. Yanzu kam ta tabbata: shingen 'yan sanda yake kauce wa. Haka masu raƙuma suka riƙa yi da su a Sudan idan an kusa wurin masu duba takarda.

Abin da ya ɗaure mata kai shi ne dariyar. Yara na ihu, Zakiya na ƙyalƙyalawa tana riƙe da mayafi, shi kansa direban har da buga sitiyari. Can motar ta kafe a yashi, tayoyi suna juyawa a banza. Maimakon a yi tsit a nemi tsari, sai Hamad ya tsaya yana tafi yana yi wa abokinsa tsiya, aka fito ana tura mota ana shewa kamar ranar suna. Turai ta leƙa hagu da dama ko za ta hango masu binsu. Babu kowa sai wani baƙin akuya a gindin ƙaya.

Abhur wuri ne da teku ya kutso cikin ƙasa ya kwanta luf kamar tafki, har kana hango ɗaya gaɓar. A gefensa an kewaye wani fili da waya, wani mutum mai zanen Yamalawa ya ɗaga musu sanda suka shiga. Turai ta ga waya, ta ga mai gadi, ta ga tantuna a jere kowanne bakinsa na kallon ruwa, ta ce to, an iso. Haka zangon jiran jirgi yake a Suwakin, gaɓar Sudan da ta taso daga can, ba abin da ya rage sai warin masu ciwo.

Amma da aka kafa nasu tantin ta zauna a bakinsa ta soma duban mutane, sai lissafinta ya rikice. Ga wani Balarabe mai tumbi yana kishingiɗe a kan kilishi yana zuƙar shisha, rediyo na waƙa a gefensa. Wannan ma korarsa za a yi? Zuwa ina? Ga wasu mata suna gasa kifi, hannayensu cike da awarwaron zinariya. Har da wani Bature ja wur cikin gajeren wando, ya kwanta a tsakiyar rana da gangan, alhali ga inuwa nan kusa da shi. A Suwakin babu mai dariya, kuma babu mai wasa da ruwan sha, amma nan ga yara suna watsa wa juna na jarka. Ta ce wataƙila waɗannan 'yan rakiya ne, masu tafiyar suna cikin tantuna suna kukansu a ɓoye. Ta miƙa wuya ta leƙa tantin da ke kusa, ta ga wani ƙato yana barci da baki buɗe.

Bayan filin akwai tudun rairayi, a nan samari suke ta hawa da sauka a kan babura, ƙara kamar za ta tsaga kunne. Su tafi a guje, su ɓace a bayan tudu, su sake ɓullowa daidai inda suka tashi. Turai ta yi ta kallo har ta kasa daurewa, ta yafito Zakiya.

"Waɗancan ina suke zuwa?"

"Ba ko'ina, Inna."

"To me suke nema?"

"Wala shai. Dabbab ne kawai, babur, suna wasa."

"Su ƙona mai, su dawo inda suka tashi?"

"Aiwa."

Turai ta sake dubansu. Ita da ta san darajar kowane taku, da ta ga mutane sun faɗi a hanya don tafiyar yini ɗaya ta fi ƙarfinsu, yau ga masu abin hawa suna tafiya ba don su isa ba. Ta yanke cewa yarinyar nan ɓoye mata take yi, masu leƙen hanya ne aka sa su duba ko hukuma na tafe. Tana cikin wannan sai ta ga wancan, uban 'ya'ya, mai furfura a gemu, ya tattare jallabiyarsa ya ɗaure a ƙugu ya haye babur. Ya tasar wa tudu, ya kai rabi, babur ya tuma ya watsar da shi, ya gangaro yana birgima. Turai ta miƙe zumbur, sunansa ya zo mata har leɓe, ta haɗiye shi. Sai ga shi ya tashi fari fat da yashi yana dariya har da riƙe ciki. Ta koma ta zauna. Ko dai baƙin cikin rabuwa ne ya taɓa masa kai? Ko kuwa murna yake yi zai sauke nauyi? Wannan tunanin na biyu ya soke ta, ta yi ta istigfari don ta kore shi, ya ƙi tafiya.

Aka kawo shinkafa da kifi, ta ce ta ƙoshi. Ta jawo Luba, ƙaramar jikarta, ta zaunar da ita a cinya, ta zare zoben azurfar da ke hannunta tun daga gida ta ɗaura mata a wuya da zare. Ta yi ta kallon fuskar yarinyar, tana so ta haddace ta. Luba ta gaji da riƙo, ta zame ta ruga bakin ruwa.

Bayan la'asar sai ga shi. Wani farin jirgi mai inji ya taho yana yanka ruwa, ya rage gudu, ya tsaya daidai gaban tantinsu. Hamad ya ɗaga wa mai tuƙin hannu. Abdulgaffar ya taho da sauri fuskarsa cike da annuri, ya tsaya nesa kaɗan kamar yadda ya saba, ya yi wa matarsa magana da ƙarfi don uwarsa ta ji.

"Zakiya, ki gaya wa Inna jirgi ya iso. Na ce ita za a fara ɗauka."

Turai ta dubi jirgin. Ta gyara lulluɓi, ta ɗora ƙullinta a ka, ta miƙe.

"Inna, ki bar kayan, zai jiƙe," in ji Zakiya.

Ba ta saurare ta ba. Ta nufi ruwa a hankali, ɗanta na gefe yana ta bayani, wai ba ya jijjiga, wai za ta ga kifaye ta ƙasa kamar a cikin kwano. Maganar tana shiga ta kunne ɗaya tana fita ta ɗaya. Ta yi niyyar shiga ba tare da ta buɗe baki ba, don kada ta kunyata shi a gaban abokinsa. Amma da ruwan ya taɓa mata yatsun ƙafa, sanyinsa ya hau har ƙirjinta, sai ƙafar ta ƙi ɗaguwa. Ta juya ta dubi gabas, wajen duwatsun da Makka ke bayansu, ta ga sun yi ja da hasken yamma.

"Abdulgaffar."

Ya waiga bayansa tukuna, yana neman wanda ya kira shi. Bai taɓa jin sunansa da wannan muryar ba.

"Abdulgaffar, zan shiga. Ba zan ja maka abin magana ba. Abu ɗaya nake roƙo. In labarin mutuwata ya iso maka, ka je Harami ka yi mini ɗawafi, ka gaya wa Ubangiji ba da son raina na bar maƙwabtaka da Ɗakinsa ba."

Ya tsaya baki sake. Ya dubi jirgin, ya dubi ƙullin da ke kanta, ya dubi Zakiya da ta biyo su, ita ma ta zaro ido.

"Inna, esh hada? Wace mutuwa? Ina za ki?"

"Inda za ka kai ni. Inda aka kai A'i."

"La ilaha illallah! Inna, zagayawa kawai zai yi da ke, daga nan zuwa can gaɓar ya dawo. Wannan jirgin ko Jidda ba zai kai ba!"

"Ya dawo?"

"Ya dawo nan, wallahi. Nan inda kike tsaye."

"To in zai dawo, me ya sa zai tafi?"

Ya miƙa hannu ya sauke mata ƙullin, bakin ya kwance, farin ƙyalle ya leƙo. Ya san ko mene ne, don tun yana yaro yake ganinsa a ƙasan akwatinta. Ya durƙusa a cikin ruwan da jallabiyarsa da komai.

"Tun yaushe kike ɗauke da wannan a ranki?"

"Tun da na ga tanti."

"Kika yarda zan yi miki haka? Ni?"

"Ban yarda ba. Amma da ka ce in shiga, shiga zan yi."

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya rantse mata cewa ganin ta takure a ɗaki tun da aka hana ta fita ne ya sa ya matsa a zo da ita, kuma kafilinsa ya yi alkawarin nema mata takarda. Ko bai nema ba, in ji shi, duk wanda zai ɗauke ta sai ya fara ɗaukarsa. Hamad ya yi wa mai jirgi alama, aka ja jirgin gefe ba hayaniya.

Turai ta tsaya tana sauraro, sauƙi da kunya da haushi duk sun cakuɗe mata. Wato Balaraben nan mai shisha yana da gida. Baturen nan da hankalinsa ya kwanta a rana. Samarin nan da gaske ba inda za su. Sai kuma ta tuna ta bi unguwa kaf tana neman gafara, ta bar Mastura tana kuka da kasko a hannu. Da wane ido za ta shiga Hindawiyya gobe, fes da ita, da yashi a ƙafa?

"Yalla mu koma gida, Inna," in ji shi. "Yanzu zan kwance tantin. Ban san abin zai zame miki haka ba."

Ba ta dube shi ba. Kunyar ta dawo mazauninta, don haka ruwan ta yi wa magana, ta nuna yamma da haɓa, inda rana ke shirin faɗawa.

"Ina za ka sani, ban taɓa gaya maka ba. Ubanka yana can, a ɗaya bakin wannan ruwan. A cikin tanti ya cika, ba irin naka mai kyau ba, na buhu. Ya ce in ɗage masa bakin don ya ga jirgi in ya taho. Kullum idonsa na kan ruwa. Ranar da jirgin ya zo, da safenta muka binne shi."

Abdulgaffar ya ɗago ya dubi inda ta nuna. Ya sha zuwa wurin nan da abokai, ya yi iyo, ya hau babur, ya gasa kifi, bai taɓa tunanin akwai wani abu nasa a bayan ruwan ba. Abin da aka gaya masa tun yana yaro bai wuce cewa mahaifinsa ya rasu a hanya ba.

Can baya babura suna ta kai da kawowarsu, Luba na tono rami a yashi da zoben kakarta yana lilo a wuyanta. Turai ta ɗaure bakin ƙullinta da kyau, ta rungume shi a ƙirji.

"Bar shi, kada ka kwance. Yara suna murna, a kwana. Ni dai har yanzu ban gane abin da ake yi a nan ba, amma a kwana." Ta mayar da ido kan ruwan. "Sai dai a gaya wa wancan ya juya mini bakin tantin ya kalli gabas. Na gama jiran jirgi."

Ya tashi ruwa na zuba daga jallabiyarsa, ya nufi tantin. Hamad ya taso zai taya shi, ya ɗaga masa hannu ya ce ya bari. Shi kaɗai ya bi turakun yana cirewa ɗaya bayan ɗaya, uwarsa na tsaye a bayansa tana kallon ƙeyarsa.